Noma Ba Ƙasa: Mu Daina Tallar Abin Da Ba Mu Bincika Ba

Kwanan nan rubutu ya yawaita a kan noman da ake yi a cikin rumfar leda ko ta gilashi ba tare da ƙasa ba. Kusan duk waƙar ɗaya ce: wai da 'yan bututun roba a bayan ɗaki matashi zai zama miloniya, wai wannan noma ne zai kori yunwa daga Arewa. Mu ba mu yarda ba, kuma muna ganin marubucin da ya yaɗa wannan romon baka yana da alhakin duk wanda ya sayar da babur ɗinsa ya zuba kuɗin a ciki.

Fasahar kanta gaskiya ce. Abin da shuka ke nema a ƙasa shi ne ruwa, iska, wurin kafa saiwa da sinadarai irin waɗanda ke cikin takin NPK. Idan aka narka sinadaran a ruwa bisa awo, aka kafa saiwar a ɓawon kwakwa ko tsakuwa, shuka za ta yi, kuma ruwan da za ta sha bai kai na noman rani ba, domin juya shi ake yi. Tun 1937 wani masani a Jami'ar Kalifoniya, William Gericke, ya raɗa wa hanyar suna. Ƙasar Holan, duk da ƙanƙantarta, tana cika kasuwannin Turai da tumatir da tattasai da kokwamba daga irin waɗannan rumfuna.

To amma a duba jerin nan da kyau. Tumatir, tattasai, kokwamba, latas. Ina gero? Ina dawa da masara? Kayan miya da na marmari ne ke iya biyan kuɗin rumfa. Tuwon da ake ci da miyar yana nan a gona, yana jiran damina da taki. Duk wanda ya rubuta cewa wannan noma zai kori yunwa, a tambaye shi buhu nawa na dawa ya taɓa gani an sauke daga bututu.

Sai maganar wuta. A tsarin da ruwa ke gudana ta ƙarƙashin saiwa, famfo ne ran gonar. Ya tsaya na 'yan sa'o'i a cikin zafi, saiwa ta bushe, jari ya tafi. Mu da muka san halin wutar lantarkinmu, wa zai sayi sola ko man janareta? Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, alhali furen tumatir kan zube idan zafi ya yi tsanani, rumfar leda kuwa ƙara zafi take yi sai an kashe kuɗi an sanyaya ta. Ga takin da ke narkewa tas a ruwa, wanda akasari shigo da shi ake yi. Ga awon tsamin ruwa da gishirinsa kullum. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ko inda wuta ba ta ɗaukewa an sha kaye. A 2022, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, wasu manoman Holan sun bar rumfunansu babu shuka a lokacin sanyi. A 2023 kamfanin AppHarvest na Amurka, mai manyan rumfunan tumatir a jihar Kentoki, ya durƙushe saboda bashi. Me ya sa masu tallar ba sa kawo waɗannan labarai?

Za a ce mana ai a 2016 tsutsar nan ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, da a rumfa yake da ya tsira. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin raga na rage ƙwari. Rumfa na da amfani wajen renon dashe da noman tumatir da damina, lokacin da kwando ke tsada, ga mai jari da ilimi da kasuwa a hannu. Amma wanda ya je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga yadda yake ruɓewa a kwanduna, ya san ciwon manomin Kadawa rashin wurin ajiya ne da rashin mai saye. Bututu ba zai warkar da wannan ba.

Kiranmu ga marubuta shi ne, kafin ka rubuta "noman zamani", ka je ka ga rumfa da idonka. Tambayi mai ita nawa ya kashe, nawa ya samu, sau nawa shuka ta mutu masa. Ka rubuta ribar, ka rubuta asarar. Mai karatunka ya yarda da kai ne domin da harshensa ka yi masa magana, kuma wannan amana ce. Mai ja da mu ya kawo lissafinsa, fili a buɗe yake.