Gansakuka Ba Ta San Kan Iyaka Ba

'Yan'uwana ɗalibai, wasu daga cikinmu suna cewa wai nazarin ƙananan tsirran teku ɓata lokaci ne, tun da Bahaushe ba shi da teku. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma ga hujjata.

Waɗannan tsirrai da ido ba ya gani su ne abincin farko na kifi, kuma su ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya. Amma idan ruwan sama ya wanko takin zamani daga gonaki zuwa gulbi, sai su yi yawa fiye da kima, ruwa ya koma kore shar. In sun mutu suka ruɓe, sai iskar cikin ruwan ta ƙare, kifi ya mutu. Haka ke faruwa kowace shekara lokacin zafi a bakin kogin Misisifi na Amurka.

To, wa ya ce sai a teku? A watan Agusta na 2014 an hana mutanen birnin Toledo, wajen 400,000, shan ruwan famfo kusan kwana uku, saboda dafin gansakukar tafkin Erie. Tafasawa ma ba ta kashe wannan dafi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, hukumar ƙasar ta ce dafin gansakuka ne.

Yanzu mu dawo gida. Madatsar ruwan Jibiya tana kan kogin Gada, ruwa ne kwance, ga zafin rana, ga gonaki kewaye. Duk abin da gansakuka ke so ke nan. Kuma kogin ba ya tsayawa wajen kwastan. Yana wucewa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Abin da manomin Gangara ko na Jibiya ya zuba a gona, ba shi kaɗai ya shafa ba.

Saboda haka ina kira ga malamanmu su rage karanta mana labarin tekun Ingila daga tsofaffin littattafai. A tura mu Jibiya da kwalabe, mu ɗebo ruwa rani da damina, mu auna, mu rubuta sakamakon da Hausa yadda manomi da masunci za su gane. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma a fara duba ruwan tukuna.