Shin Dole Ne Koci Ya Zama Mai Kwarjini?

A Amurka akwai muhawarar da ba ta tsufa: shin kocin ƙwallon jami'a zai iya cin nasara idan ba shi da kwarjini da baiwar zaburar da yara da baki? Ƙwallon da ake nufi ita ce irin tasu, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita. Mun ga ya dace mu sa baki, domin kocin jami'a malami ne kafin komai. Ɗalibai fiye da ɗari ne a hannunsa, kuma waɗanda za su kai ga babbar gasar ƙwararru ta NFL ba su cika biyu cikin ɗari ba. Sauran duk da takardar shaidar karatu za su nemi abinci.

Masu cewa kwarjini ne komai sukan kafa hujja da Knute Rockne na Jami'ar Notre Dame. A watan Nuwamba na 1928, a wasansu da makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, ya tuna wa yaransa George Gipp, tauraron ƙungiyar da ya rasu a 1920, ya ce su ci wasan saboda shi. Suka ci 12 da 6. Har fim aka yi a kai a 1940, inda Ronald Reagan, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya fito a matsayin Gipp. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wasanni biyun da suka biyo baya duk kashi suka sha, kuma shekarar 1928 ita ce mafi muni a tarihin aikin Rockne: nasara biyar, rashin nasara huɗu. Jawabin ya ci wasa ɗaya. Sauran nasarorinsa, cikin 105 da ya samu daga 1918 zuwa 1930, tsari da atisaye ne suka kawo su, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen ilimin sinadarai na jami'ar.

Sai mu dubi Tom Osborne na Jami'ar Nebraska. Mutum ne shiru-shiru, ba ya ɗaga murya, har 'yan jarida kan yi ƙorafin cewa hira da shi ba ta da armashi. Digirinsa na uku a kan ilimin halayyar ɗalibai ya yi shi. Ya riƙe ƙungiyar shekara 25, daga 1973 zuwa 1997, ya ci wasa 255, babu shekarar da ya ci ƙasa da tara, ya kuma ɗauki kambun ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Ba mu ce waliyyi ne ba. A 1995 ya mayar da wani ɗan wasa cikin ƙungiya bayan ya lakaɗa wa tsohuwar budurwarsa duka, aka yi ta sukarsa, kuma a ganinmu sukar tana bisa hanya. Amma batun ko mai sanyin hali zai iya jan ragamar samari majiya ƙarfi, Osborne ya rufe wannan babin.

Nick Saban kuwa, wanda ya ci kambu bakwai, ɗaya a Jami'ar Jihar Louisiana a 2003, shida a Alabama tsakanin 2009 da 2020, an fi saninsa da ɗaure fuska. Koyarwarsa ita ce ɗan wasa ya manta da allon maki, ya mai da hankali ga abin da ke gabansa a wannan daƙiƙar, ya yi shi daidai, sannan ya wuce zuwa na gaba. Duk malamin da ya taɓa koya wa yaro rarraba lamba mataki-mataki ya san wannan karatun.

Adalci ne mu yarda cewa kwarjini yana da ranarsa, musamman tun daga 2021 da aka sassauta wa 'yan wasan jami'a dokar sauya makaranta, aka kuma ba su damar samun kuɗi da sunansu. Yanzu koci sai ya yi zawarcin yara, kuma farin jini jari ne. Deion Sanders ya tarar da ƙungiyar Jami'ar Kolorado ta ci wasa ɗaya tak cikin 12 a 2022. Zuwansa ya cika filin wasa, ya jawo gidajen talabijin da sababbin 'yan wasa. A 2023 ya ci ukun farko a jere, duniya ta ɗauka, amma aka rufe shekara da nasara huɗu, rashin nasara takwas. Sai a 2024 ya kai tara. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi tayar mana da hankali. Sau da yawa abin da ake kira zaburarwa tsawa ce da tozarci, kuma yaro mai neman yardar kocinsa ba ya iya cewa na gaji. A ranar 29 ga Mayu, 2018, Jordan McNair, ɗalibi ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland, ya galabaita saboda zafi a wurin atisaye, ya rasu ranar 13 ga Yuni. Bincike ya nuna ba a auna zafin jikinsa ba, ba a kuma tsoma shi cikin ruwan sanyi ba, alhali wannan shi ne matakin farko da aka sani na ceton irinsa. Shugaban jami'ar ya fito ya ɗauki alhaki, rahotanni suka fallasa yadda ake tsoratar da 'yan wasa a ƙungiyar, aka sallami koci DJ Durkin a ƙarshen Oktoba. Abin da yaron nan ya bukata a ranar shi ne babban mutum mai lura, wanda ya san alamun bugun zafi, ya kuma tanadi randar ƙanƙara a gefen fili.

'Yan uwa malamai, da yawanmu mukan zauna a kwamitin zaɓen malamin wasanni, ko a ɗora mana horar da yara gabanin gasar makarantu. Muna kira ga duk wanda aka sa a irin wannan kwamiti, kada ya tsaya ga daɗin bakin mai neman aikin. A nemi ya nuna jadawalin atisayensa na zango guda. A tambaye shi ƙarfe nawa zai fitar da yara fili a watan Afrilu, ina ruwan sha zai kasance, me zai yi a minti biyar na farko idan yaro ya yanke jiki ya faɗi, kuma me zai yi da gwanin ɗan wasan da ya daina shiga aji.