Taken Ƙasa: Aron Riga Ko Koyon Ɗinki?

A ranar 29 ga watan Mayun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu a kan dokar da ta jingine taken ƙasar da muka shekara 46 muna rerawa, ta dawo da wanda aka karɓi mulkin kai da shi a 1960. Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudurin karatu na ɗaya da na biyu da na uku a zama guda ranar 23 ga wata, Majalisar Dattawa ta biyo baya ranar 28, washegari aka sa hannu. Hatta Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, sai da ya ja hankalin dattawan cewa irin wannan al'amari yana bukatar tuntuɓa mai faɗi, amma aka yi kunnen uwar shegu da shawararsa. Tun daga wannan lokaci, yaran makarantun Kawo da Unguwar Sarki da Badarawa suke tsayuwa kowace safiya suna rera baitocin da wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ta rubuta, a kan kiɗan da wata Baturiyar, Frances Benda, ta tsara.

Mafi yawan ce-ce-ku-cen da aka yi a kan baitocin ya tsaya. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe na fahimci dalili, domin kalmomin "tribe" da "native" da ke cikin taken suna ɗauke da ƙurar zamanin mulkin mallaka, lokacin da Bature ke kiran mutanensa al'umma, ya kira namu ƙabila. Su ma magoya bayan canjin suna da hujjarsu, tunda Taron Ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a koma wa tsohon taken. Sai dai ba a ce komai ba game da kiɗan kansa, alhali a nan ne darasin yake. Ra'ayina shi ne, idan har akwai abin da za mu ara daga Ingila a wannan fanni, to hanyar da ta bi ta samar da masu tsara kiɗanta ce. Mu kuwa rigar muka sake arowa, muka bar ɗinkin, ga shi kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kunnen mutumin Kaduna ya daɗe da sabawa da kiɗan Ingila, ko da bai san sunan mai shi ba. Garin nan da barikin soja ya fara, kafin Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, kuma duk inda sojan Bature ya sauka da begila da badujala yake sauka. A 1956, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta halarci babban hawan daba a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, kakaki da algaita da tambarin sarakuna sun haɗu da badujalar soja a fili ɗaya. Har gobe, wanda ya halarci faretin yaye hafsoshi a Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta NDA, wadda aka kafa a garin nan a 1964, ko na Kwalejin 'Yan Sanda, zai ga cewa tsarin macin da kayan busar da salon kiɗan duk gadon Birtaniya ne.

Ba a bariki kaɗai abin ya tsaya ba. Duk matashin da ke zuwa gidan kallon ƙwallo a Unguwar Rimi ko Malali ya haddace kiɗan da ake buɗe gasar Zakarun Turai da shi. Wani Bature ɗan Ingila, Tony Britten, ya tsara shi a 1992, kuma ya gina shi ne a kan "Zadok the Priest", wanda George Frideric Handel ya rubuta domin naɗin Sarki George na Biyu a 1727. Handel haifaffen Jamus ne da ya zama ɗan Birtaniya a wannan shekarar. Tun daga ranar ba a sake naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba sai an rera wannan waƙa, har zuwa naɗin Sarki Charles na Uku a watan Mayun 2023. Wato kiɗan fadar Ingila ne mai shekara kusan 300 yake tashi a lungunanmu daren Talata da Laraba.

To, yaya aka yi Ingila ta kai ga haka? Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a ƙarni na 19 ita ma cimar aro take yi. Kiɗan Jamus da na Italiya ne suka cika zaurukan Landan, har daga baya wani marubucin Jamus, Oscar Schmitz, ya laƙaba mata sunan ƙasar da ba ta da kiɗa. Sai dai Ingila ta tashi tsaye. A 1883 aka buɗe Kwalejin Kiɗa ta Sarauta a Landan, inda Hubert Parry da Charles Stanford suka koyar da samarin da daga baya suka zama gwanaye, irin su Ralph Vaughan Williams da Gustav Holst da Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne. A 1895 aka fara bikin kiɗa na shekara-shekara da ake kira Proms a ƙarƙashin jagorancin Henry Wood, da tikiti mai rahusa domin talaka ya shiga ya ji, kuma har yau ana yin sa. A 1899 Edward Elgar, ɗan mai kantin kayan kiɗa a garin Worcester wanda bai taɓa shiga kwalejin kiɗa ba, ya fito da "Enigma Variations", wadda ta sa Jamusawan da kansu suka fara sauraren Ingila.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda suka je neman iri. Daga 1903 Vaughan Williams ya riƙa bin ƙauyuka yana zama da tsofaffin manoma da masunta da leburori, suna rera masa waƙoƙin da suka gada, shi kuma yana rubuta baitocin tare da karin muryarsu. Ya tattara fiye da waƙoƙi 800. A 1910 ya ɗauko wani karin waƙar coci na Thomas Tallis, wanda ya rayu a ƙarni na 16, ya gina babban kiɗa na gungun masu goge a kansa. Da tsohuwar zuma suka yi magani.

Waƙoƙinsu na kishin ƙasa kuwa, babu wadda doka ta ɗora wa jama'a. Parry ya sa wa baitocin William Blake kiɗa a 1916, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka samu "Jerusalem". Mata masu fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a suka ɗauke ta ta zama tasu, makarantu da coci-coci suka karɓa, har a 2010 jama'a suka zaɓe ta ta zama taken 'yan wasan Ingila a gasar ƙasashen Kwamanwel. Holst ya ciro wani yanki daga kiɗansa na taurari, "The Planets", aka ɗora masa baitoci a 1921, ya zama waƙar da ake rerawa a ranar tunawa da mazan jiya. Shi kansa "God Save the King", da aka fara rerawa a bainar jama'a a 1745, babu wata dokar majalisa da ta mayar da shi taken ƙasa. Al'ada ce ta tabbatar da shi. Waƙa takan zama ta ƙasa ne idan mutane suka riƙa rera ta ba tare da an tsaya a kansu da bulala ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke waɗannan waƙoƙi ne. "Rule, Britannia!" da Thomas Arne ya tsara a 1740 tana alfahari da 'yancin Bature da mallakar teku a daidai lokacin da jiragen Liverpool da Bristol ke jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. "Land of Hope and Glory", wadda aka ɗora a kan macin Elgar na 1901, ta fito a 1902 tana fatan iyakokin daular Birtaniya su ƙara faɗi. Shekara ɗaya bayan haka, a watan Fabrairun 1903, Kano ta faɗi, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Mu ne iyakokin da aka faɗaɗa. Amma a lura da yadda jikokinsu ke tunkarar wannan gado. A 2020 BBC ta yanke shawarar a kaɗa waɗannan waƙoƙi biyu babu baitoci a daren rufe Proms, ƙasar ta ɗauki zafi, jaridu da 'yan majalisa da firayim minista suka sa baki, daga ƙarshe BBC ta janye. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, an dai yi muhawarar a fili. Mu a cikin mako guda muka sauya taken mutum fiye da miliyan 200.

Kuma abin da muka ajiye namu ne. "Arise, O Compatriots" na 1978 an haɗa shi ne daga baitocin 'yan Nijeriya biyar da suka shiga gasa, kiɗan kuma Benedict Odiase, shugaban 'yan badujalar 'yan sandan Nijeriya, ya tsara shi. Odiase ya koyi ɗinkin Bature ya ɗinka mana tamu rigar. Kafin shi Fela Sowande, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan, ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya gina "African Suite" domin gungun masu goge. Ashe hanyar ba baƙuwa ba ce a gare mu, watsi da ita muka yi.

A nan Arewa irin da za a shuka ya fi ƙarfin rumbu. Muna da kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗankwairo, da taushin Mamman Sarkin Taushin Katsina, da kalangun Mamman Shata, da kuntigin Ɗanmaraya Jos, ga kuma waƙar Abubakar Ladan Zariya ta haɗa kan al'ummar Afirka, wadda Rediyon Kaduna ya kai kowane gida. Ga kaɗe-kaɗe da bushe-bushen Gbagyi, waɗanda garin nan ya tarar a wurin, da na Bajju da Atyap da Ham. Malamanmu sun yi ƙoƙari. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama. Sai dai mu 'yan sashen harshe baitoci muka iya rubutawa. Karin murya da bugun ganga, wato rabin waƙar, suna nan a faya-fayai da kaset-kaset waɗanda zafi da ƙura ke ci a hankali. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015, 'yan amshinsu da makaɗansu kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma matsalar harshe. Hausa, kamar Yarbanci da Ibo, harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana. Kalmar "gari" ta mazaunin mutane da "gari" na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. Saboda haka mawaƙin Hausa yakan bi karin kalmominsa wajen gina waƙa, kuma idan aka fassara take aka cusa shi cikin kiɗan da aka yanka wa Ingilishi, sai kalmomin su karye a baki. Dole kiɗa da harshe su taso tare. Tanzaniya da Swahili take rera takenta. Afirka ta Kudu ta haɗa harsuna biyar a take ɗaya a 1997, a kan tushen waƙar da Enoch Sontonga ya tsara a 1897. Maƙwabciyarmu Nijar, a watan Yunin 2023, ta ajiye taken da Faransawa suka rubuta mata a 1961 ta ɗauki sabo. Shekara guda bayan haka mu muka nufi inda ta baro.

Na san za a ce Ingilishi ne kaɗai harshen da ba zai tayar da rigima ba a ƙasa mai harsuna fiye da 500. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a mayar da taken Nijeriya Hausa ba. Afirka ta Kudu dai ta nuna cewa ana iya raba baitoci tsakanin harsuna kowa ya ji muryarsa a ciki. Za a kuma ce wa ke ta kiɗa alhali a watan da aka sauya taken hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin 100? Wannan tambaya majalisar da ta bar batun abinci ta zauna a kan take ya kamata a yi wa. Tunda dai an taɓo batun, hakkinmu ne mu nemi a yi shi da kyau.

Abin da nake ba da shawara ba ya bukatar sabuwar doka, kuma duk kayan aikinsa suna cikin garin nan. Na farko, Rediyon Tarayya na Kaduna da Gidan Arewa, cibiyar tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa hannu a kwashe tsofaffin faya-fayai a zuba su a kwamfuta, a yi musu rajista da sunan mawaƙi da shekara, tun kafin su lalace. Na biyu, jami'o'inmu su haɗa masanin harshe da masanin rubutun kiɗa a aiki ɗaya, a zauna da sauran makaɗan da ke raye a rubuta karin kamar yadda aka rubuta baitocin. Na uku, rundunar soja da ta 'yan sanda su ba 'yan badujalarsu aikin tsara sababbin kiɗan maci daga waɗannan karin, domin hafsan da aka yaye a Kaduna ya taka da kiɗan da kakarsa za ta gane. A naɗin Sarki Charles, duk da tarin tsofaffin waƙoƙin da suke da su, sai da aka ba masu tsara kiɗa aikin sababbi guda 12. Haka ake raya gado.

Idan aka yi wannan, ranar da wata gwamnati za ta sake taɓo batun taken ƙasa, kuma tarihin 1978 da na 2024 ya nuna za a sake, za ta tarar da 'yan ƙasa masu iya tsara shi da jama'a masu kunnen tantance shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.