Ruɓar Saiwar Itacen Turare

Jama'a, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, ba wanda bai san itacen turare ba. Mun gan shi a gandun Afaka kusa da Kaduna, da wuraren da aka haƙi kuza a ƙasar Jos, da cikin jerin itatuwan da aka dasa don tare iska a Kano da Jigawa. Da shi mu ke samun sandunan rufi da itacen girki. Amma akwai wata al'ada tamu wadda ya kamata mu bari. In muka ga dashe ya yi yaushi, sai mu ce gara ce, ko kuwa ƙishirwa, mu ƙara masa ruwa mu wuce, ba mai tonawa ya dubi saiwa. Alhali kuwa sau da yawa a can ƙarƙashin ƙasa ciwon ya ke.

Asalin wannan itace daga Ostareliya ne, inda ya ke da iri fiye da 700. A yammacin ƙasar, wajen birnin Perth, akwai babban daji na wani irinsa mai ƙwari da su ke kira jara. Cikin 1921 aka fara lura itatuwan nan suna bushewa gungu gungu, aka yi ta bincike, aka rasa dalili. Sai cikin 1965 wani masanin daji, Frank Podger, da abokan aikinsa suka bayyana cewa wata halitta ce mai kama da funfuna, wadda ido ba ya gani, ta ke ruɓar da saiwa. Masana suna kiranta Fitoftora. Tun 1922 aka san ta a jikin itacen kirfa a tsibirin Sumatara, amma ba wanda ya zaci ita ce.

Ga yadda ta ke aikinta. In ƙasa ta jiƙe, ga kuma ɗumi, sai ta saki 'ya'yanta masu wutsiya, su yi iyo cikin ruwan da ke tsakanin ƙasa har su iske ƙananan saiwoyi, su shiga, su ruɓar da su. Itace yana tsaye cikin danshi amma ba shi da bakin sha, watau ƙishirwa ke kashe shi a tsakiyar ruwa. Wanda ya ƙara masa ruwa kuwa, cutar ya taimaka wa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, da ƙafarta ba ta nisa, mutum ne ke yi mata dako. Motocin jan gungume da na gyaran hanya su suka kwashi laka da tsakuwa daga wurin da ya kamu suka kai inda ke lafiya. Bayan 1970 sai da hukuma ta rufe manyan sassa na dajin, aka kafa dokar wanke ƙafafun mota kafin shiga. An sami maganin da ke ƙara wa itace juriya, amma ba ya raba ƙasa da cutar. Ba ta kuwa tsaya can ba, gama a Afirka ta Kudu ma ta kashe dashe cikin gandayen turare.

Watakila wani ya ce, “Ina ruwanmu? Ai irin da aka fi dasawa a ƙasarmu mai juriya ne, can gidansu ma a bakin kogi ya ke fita.” Gaskiya ne, kuma gaskiya ne gara ita ce babbar abokiyar gābar dashenmu. Amma ɗan tsiro a wurin reno ba shi da ƙarfin babban itace, in aka cika masa ruwa saiwarsa ruɓewa ta kan yi. Banda haka, ita wannan cuta tana kama fiya da abarba. Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, mu nan ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, a ba kowa lambu da wurin renon itatuwa, yara kuwa abin da suka ga muna yi shi za su kai gidajensu. Saboda haka ga shawararmu. In dashe ya mutu, mu tone shi gaban yara. Wanda gara ta ci za a ga gurbin cinta, wanda ya ruɓe kuwa saiwarsa ta yi baƙi, ta yi laushi, ɓawonta yana saɓulewa. Irin wannan a ƙone shi, kada a mai da ƙasarsa cikin sabon reno. Kada mu ba kowa tsiro mai ciwo don jin nauyin ya koma hannu wofi, gama da shi da ƙasar gindinsa za ya kai gonarsa. Mu kankare lakar fartanya da ta takalma kafin mu tashi daga wannan fage zuwa wancan. Mu gauraya turare da dogon yaro da gawo, don in annoba ta zo kada ta share gandu duka.

Mutanen Ostareliya sai da suka shekara arba'in da huɗu kafin su gane abin da ke cin dajinsu. Mu an ba mu sanin nan kyauta, ba mu da hanzari in muka yi sakaci. Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon aikatawa, amin.