"Ba a Samu Ba" Ba Hukunci Ba Ne

Duk lokacin da 'yan siyasar Amurka suka tayar da maganar baƙin da ke cin tallafin gwamnati, maganinsu guda ne: a tantance kowa da kwamfuta. Mu masu rubuta manhaja mu ake miƙa wa wannan aiki, don haka muna da ta cewa. Kwamfuta ba ta san mutum ba. Abin da wani ma'aikaci ya shigar mata shekarun baya shi ta sani, ko daidai ko kuskure.

Tantancewar ba sabuwa ba ce. Dokar shige da fice ta 1986 ce ta wajabta amfani da tsarin SAVE, wanda yau yake hannun hukumar USCIS. Baƙo ya nemi tallafin abinci ko na asibiti, ma'aikaci ya shigar da sunansa da ranar haihuwarsa da lambar takardarsa ta zama, cikin daƙiƙoƙi amsa ta dawo. A 1996 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ƙara tsuke ƙofa: marar takardu ba shi da rabo a manyan tallafin tarayya, akasarin masu katin zama na dindindin kuwa sai sun yi shekara 5 suna jira. Ke nan wanda ya tsaya gaban tebur da takardarsa a hannu, galibi mai haƙƙi ne. Shi kuskuren na'ura yake kayarwa.

Kuskuren kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Rumbun bayanai yana gwada harafi da harafi. Suna ɗaya ne ake rubutawa Muhammad a Kano, Mahamadou a Maraɗi, Mohammed a fasfo. Bahaushen da ke zaune a Bronx wanda aka mai da sunan garinsu sunan mahaifinsa a wata takarda, aka juya su a wata, mutum biyu ne a idon na'ura. Yaron da ya zama ɗan ƙasa ta dalilin iyayensa yakan girma rumbun yana nuna shi baƙo, don babu wanda ya sabunta layinsa. Idan amsa ta fito cewa ba a samu ba, rumbun ne ya gaza, mutumin yana nan tsaye.

Waɗanda suka rubuta dokar sun san haka. Shi ya sa SAVE ba ya yanke hukuncin cancanta, kuma idan gwajin farko ya kasa, ana tura batun ga ɗan Adam ya duba da hannu. Dokar ta ma hana a jinkirta ko a yanke tallafi yayin da ake jiran wannan amsa. Amma ma'aikacin da layi ya cika gabansa, allo ya nuna masa ja, me kuke tsammani zai ce wa uwar da ba ta iya Turanci sosai ba? Ta tafi ta dawo. Yunwa kuwa ba ta san jira ba.

Mai ganin muna zuzutawa ya dubi Ingila. Mutanen da suka zo daga tsibiran Karebiya kafin 1973 doka ta ba su zama na dindindin, amma ba a damƙa wa da yawansu wata shaida ba. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan shigowarsu. Da dokokin 2014 da 2016 suka ƙara ɗora tantance baƙi a kan masu gidajen haya da bankuna, sai dattawan da suka shafe kusan shekara 50 suna biyan haraji suka rasa aiki da tallafi da magani, wasu aka tsare su, wasu aka tasa ƙeyarsu. A 2018 asiri ya tonu, ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka. Gwamnati ce ta zubar da shaidar, sannan ta ce wa talaka ya kawo ta.

Ba mu ce kada ƙasa ta san wa take ciyarwa ba. Kuɗin jama'a amana ne. Amma a 2025 an buɗe SAVE ga jihohi su riƙa loda sunaye jibgi guda, har da rajistar masu zaɓe. Kowane ɗan koyo ya san lissafin: kuskure ɗaya cikin 100, idan aka gwada mutum miliyan, rayuka 10,000 ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sharuɗɗanmu uku ne. Kada a yanke wa kowa abinci ko magani sai ɗan Adam ya duba ya sa hannu da sunansa. A ba mai nema damar ganin abin da rumbu ya rubuta a kansa, ya gyara ba tare da ɗaukar lauya ba. Hukuma kuma ta riƙa bayyana sau nawa na'urarta ta yi ƙarya a shekara. Duk ɗan'uwanmu a wannan sana'a da aka ce ya gina tsarin da babu waɗannan, ya sani maɓallin da zai rubuta tukunyar wani gida zai sauke daga kan murhu.