Wa Zai Tashi Idan Ma'auni Ya Yi Ƙara?

Masu tallan kayan fasaha sun samo wata kalma mai daɗin faɗa, wato "gini mai wayo", kuma shugabannin ma'aikatu da asibitoci da otal-otal sun karɓe ta hannu bibbiyu. Ana zuwa da hotunan allo mai launuka, ana nuna yadda daga waya mutum zai ga zafin kowane ɗaki da yawan man da ke tankin janareto, sai a sa hannu a kwangila. Abin da ba a cika tambaya a wurin irin wannan zama ba shi ne wanda zai bar kujerarsa ya ɗauki sifana idan allon ya koma ja. A kan wannan tambaya ce kuɗin da aka kashe yake zama riba ko asara, kuma galibin masu saye sun fi son a tsallake ta, domin amsarta tana tona asirin yadda suke riƙe da sashen gyara.

Na'urorin kansu ba su da wani sirri mai wuyar fahimta. A ƙasan komai akwai ma'auni, ɗan abin da ke mayar da wani yanayi zuwa lamba. Ma'aunin zafi yawanci ɗan ƙarfe ne ko yumɓu da ƙarfin hana lantarki wucewa ta cikinsa yake sauyawa gwargwadon zafi. Ma'aunin lantarki zobe ne da ake maƙala wa waya, yana jin maganaɗisun da wutar ke haifarwa ba tare da an yanke wayar ba. Na tankin ruwa ko na dizal yana aika wani sauti da kunne ba ya ji, ya ƙirga lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo, daga nan a san nisan saman man. Akwai na girgiza, wanda ake liƙa wa jikin injin tura ruwa. Idan boris ya fara ci, salon girgizar yakan sauya tun kafin kunnen mutum ya ji ƙara. Waɗannan lambobi suna tafiya ta waya ko ta rediyo zuwa wani akwati mai tattara saƙo, shi kuma ya tura su ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani da ke nesa. A can ake kwatanta lambar da iyakar da aka gindaya, idan ta wuce sai a aika gargaɗi. Wani lokaci akwai mataki na ƙarshe, inda umarni ke dawowa ya rufe bawul ko ya kashe iyakwandishan a ɗakin da babu kowa.

Ba sabon abu ba ne kamar yadda ake tallarsa. Yaren Modbus da injuna da yawa ke magana da shi tun 1979 yake, BACnet na gine-gine ya fito a 1995, MQTT kuwa an tsara shi a 1999 domin lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam. Abin da ya sauya shi ne araha, da kuma fasahar rediyo irin su LoRaWAN, wadda ke kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci da batir ɗaya na shekaru. Inda aka yi abin da gaske, yana aiki. Ginin The Edge da ke birnin Amsterdam, wanda kamfanin Deloitte ke zaune a ciki, yana da ma'aunai kimanin 28,000, kuma ana amfani da bayanansu wajen sanin inda za a rage wuta da inda ke bukatar shara. Sai dai masu nuna hoton wannan gini ba sa nuna ma'aikatan da ke bayansa, da kasafin da ke biyansu kowane wata.

Duk tafiyar nan, daga ma'auni zuwa allo, labari kawai take kaiwa. Kuma labarin na iya zama ƙarya ba tare da na'urar ta lalace ba. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pensilbaniya a Amurka, wani bawul ya buɗe don rage matsi, sannan ya maƙale bai rufe ba. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe, alhali abin da aka haɗa ta ta nuna shi ne an aika umarnin rufewa, ba wai bawul ɗin ya bi umarnin ba. Ruwan sanyaya ya yi ta zuba sama da awa biyu, ƙararrawa fiye da ɗari suna ta kuka a ɗaki guda, har wani ɓangare na cikin tukunyar ya narke. Mutanen ƙwararru ne, kuma suna wurin a farke. Abin da ya ci su shi ne yarda da allo fiye da kima, da yawan gargaɗin da ya hana a bambance babba da ƙarami. Duk mai kula da gini da allonsa ke cewa "famfo yana aiki" ya kamata ya san ko ruwa aka auna a bututu, ko kuwa maɓalli kawai aka gani a kunne.

A ƙasashen da janareto ya zama uwa da uba ga kowace ma'aikata, ma'aunin dizal shi ne abin da aka fi saurin saye, saboda kowa na zargin ana sace mai, kuma sau da yawa zargin gaskiya ne. Amma dizal yana kumbura idan ya ji zafi, yana kuma tsukewa idan ya huce. A tanki mai lita 10,000, idan zafin man ya sauya da digiri 12, awon zai iya motsawa da kusan lita 100 ba tare da an taɓa ko ɗigo ba. Idan ba a haɗa ma'aunin zafi da na zurfi an gyara lissafin ba, allo zai nuna man ya ragu cikin dare. Manajan da bai san wannan ba zai kira mai gadi, mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi da ƙarancin mai tsaya masa, ya nuna masa zane mai launi a matsayin hujja. Ana iya raba magidanci da abincinsa a kan lambar da babu wanda ya tantance. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a haramta wa kowane shugaba hukunta ma'aikaci da shaidar na'urar da ba a gwada ta da sandar awo ba.

Gwajin nan shi ne aikin da ba ya cikin takardar talla. Kowane ma'auni yana karkacewa da tsufa. Ƙurar hunturu tana toshe kofofin na'urar auna iska, zafin bazara yana cinye batir kafin wa'adin da aka rubuta a kwali, ɓera yana gwaguyar waya, kuma akwatin tattara saƙo yana mutuwa tare da wutar da aka kawo shi ya lura da ita, idan ba a ba shi nasa batir ba. Mafi haɗari shi ne ma'aunin da ya daina magana: allo yakan ci gaba da nuna lamba ta ƙarshe da ya samu, kore shar, kamar lafiya lau. Tsarin da ba ya ɗaukar shirun na'ura a matsayin gargaɗi bai cancanci a biya kuɗinsa ba.

Firjin ajiye allurar rigakafi shi ne wurin da batun ke fitowa ƙarara. Yawancin alluran ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8, kuma wasu, irin su ta ciwon hanta nau'in B da ta sarƙewar haƙora, daskarewa ke lalata su, ba zafi kaɗai ba. Ma'auni mai aika saƙo ta waya alheri ne babba a nan. To amma a ɗauka ƙarfe biyu na dare saƙo ya shigo cewa zafi ya kai digiri 11. Wayar wa ya shiga? Shin mai wayar yana da mabuɗin ɗakin? Yana da izinin tayar da janareto, ko sai ya nemi sa hannun wanda ke barci a wata unguwa? Akwai mai a tankin? Idan babu amsa ga waɗannan, abin da aka saya shi ne cikakken tarihin yadda alluran suka lalace, minti bayan minti, ihu bayan hari a rubuce.

Dalilin da ya sa ake fifita na'ura a kan ma'aikaci ba boyayye ba ne. Sayen kaya kwangila ce, tana da bikin buɗewa da hoto, wani lokaci tana da kaso. Filta da man giris da albashin mai gyara kuwa kashewar yau da kullum ce, ita ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, kuma babu wanda aka taɓa yaba wa a taro saboda injin bai lalace ba. Don haka sai a ga ma'aikatar da ba ta da ko rajistar injunanta, ba ta san shekarar da aka sayi na'urar sanyayarta ba, tana neman manhajar da za ta yi mata hasashen ranar lalacewa. Hasashen yana bukatar bayanan watanni na injin da ake kula da shi, domin a san yadda lafiyarsa take kafin a gane ciwonsa. Injin da tun farko a gurguje yake, manhaja za ta ɗauki gurguntar a matsayin yanayinsa na kullum.

Sannan akwai ƙofar da ake buɗewa. Modbus da BACnet na asali an tsara su ne a zamanin da ake zaton wayar ba za ta fita daga ginin ba, don haka ba sa tambayar mai ba da umarni ko shi wane ne. A watan Oktoban 2016, manhajar ɓarna mai suna Mirai ta mamaye dubban kyamarori da na'urorin intanet ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kayansu, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A watan Nuwamban shekarar, wani hari ya tsayar da na'urar ɗumama gidaje biyu a garin Lappeenranta na ƙasar Finlan ana cikin sanyi. Kafin nan, a ƙarshen 2013, ɓarayi sun kwashe bayanan katin kuɗi kimanin miliyan 40 daga shagunan Target, kuma sun shiga ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya. Ba ta ma'auni suka bi ba, ta ƙofar da aka buɗe wa mai hidimar gini suka bi. Abin lura kuma, manhajar tsaron kamfanin ta yi gargaɗi tun ana cikin satar, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. Asibitin da ya haɗa na'urorin gininsa da kwamfutocin bayanan marasa lafiya a layi ɗaya ya gayyato irin wannan da hannunsa.

Mallaka ma abin dubawa ce. A 2016 kamfanin Nest ya kashe kwamfutocin da ke bayan na'urar Revolv, sai akwatunan da mutane suka saya da kuɗinsu suka koma kwalliyar kanta. Duk na'urar da ba ta aiki sai da kwamfutar wani kamfani, haya ce ko da an kira ta saye. Ga ma'aikatar da ke samun kuɗin shigarta da naira tana biyan kuɗin hidima da dala, faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta nuna yadda irin wannan haya ke ninkawa ba tare da an ƙara ko ma'auni ɗaya ba. Kwangilar da ba ta bai wa mai gini damar kwashe bayanansa, da canza mai hidima ba tare da cire kayan ba, tarko ce.

Masu kare wannan kasuwa za su ce tsadar wuta ta sa awo ya zama dole, kuma a nan suna da gaskiya. Tun da aka ɗaga farashin lantarkin rukunin A a Najeriya zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, sanin wane bene ne ke shan wuta da tsakar dare ya zama batun miliyoyi ga babban gini. Zobe goma a kan manyan wayoyi na iya biyan kuɗinsu cikin ɗan lokaci. Amma ko a nan, zoben ya nuna cewa iyakwandishan na ofishin shugaba yana kwana a kunne. Kashe shi yana bukatar ƙaramin ma'aikacin da aka bai wa ikon taɓa ofishin shugaba, abin da babu kamfanin da ke sayarwa.

Tsarin da ya dace a bi ba shi da ƙayatarwa. A fara rubuta kowane inji da shekarunsa da abin da lalacewarsa za ta jawo. A zaɓi kaɗan waɗanda tsayawarsu ke taɓa rai ko aljihu: firjin magani, janareto, injin ruwa, babban layin wuta. Ga kowane gargaɗi a rubuta sunan muƙamin da zai amsa, da minti nawa aka ba shi, da adadin kuɗin da zai iya kashewa ba tare da jiran sa hannu ba. Gargaɗin da ba a samo masa mai amsawa ba a kashe shi, domin yana koya wa mutane yin kunnen uwar shegu da sauran. A sa kuɗin batir da gwajin awo na shekara biyar a cikin farashin tun ranar farko, a ware layin na'urorin gini daga na ofis, a canza kalmar sirrin masana'anta kafin ɗan kwangila ya bar harabar. Kuma kafin a biya kaso na ƙarshe, a zare wayar firji da gangan da ƙarfe biyu na dare, a riƙe agogo a ga minti nawa za a ɗauka kafin wani ya bayyana a bakin ƙofa.