Ɗakin amarya: ba sai da kabad ba

Jama'ar Baudeta, mu faɗa wa juna gaskiya. Da an sa ranar biki sai mu saida hatsi, mu ɗauko ƙaton kabad daga Tasawa, alhali gado kaɗai ya cika ɗakin. Damina na sauka, danshi ya kumbura katakon, gara ta ƙarasa shi.

Ga hanya mai arha. Kayan fita su shiga akwatin ƙarfe, a aza shi bisa bulo, nesa da bango. Na kullum a rataye ga igiya. Barguna, in ɗari ya wuce, a ƙunshe cikin buhu a sagale sama. Zanen da ya shekara ba a ɗaura ba, a ba mabuƙaci.

Hatsin kuwa mu bar shi cikin rumbu, don za mu neme shi kafin kaka.